Ministan da ya yi tagumi

Mai karatu, ka tuna ranar da ka tafi wurin mai foto don a yi maka katin ɗan ƙasa? Ka sa rigarka mai kyau. Ka gyara hula. Mai foto ya ce ka ɗaga kai, ka miƙe wuya, kada ka motsa. Haka kowa ke yi. Babu mai zuwa gaban mai foto ya zuba tagumi. Ko cikin gida, in tsohuwa ta ga yaro ya yi tagumi, sai ta ture masa hannu, ta ce: "Wa ya mutu?"

To yau zan ba ka labarin wani babban mutum da anka yi wa hoto yana tagumi. Malami ne, alƙali ne, kuma minista ne na ƙasar Ispaniya, cikin Turai. Sunansa Hobeyanos. A rubutun ƙasarsu ana sa shi haka: Jovellanos. Wanda ya yi hoton sunansa Goya. An yi shi cikin shekara ta 1798. Yau yana rataye cikin wani babban gidan ajiyar hotuna da ake ce ma Prado, a Madrid, babban birnin ƙasar.

Da fari, ka san ba foto ba ne. A zamanin nan babu na'urar foto. Sai cikin 1839 anka bayyana ta ga duniya a birnin Paris. Kafin nan, wanda ke son a bar kamanninsa ga jikoki, sai ya kira mai zane. Mai zane ya ɗaure ƙyalle mai kauri bisa katako. Ya niƙa ƙasa mai launi da wasu duwatsu, ya dama su da mai. Sa'an nan ya riƙa shafawa da buroshi, kaɗan kaɗan, yana duban mutumin da ke zaune gabansa. Aikin kwana da kwanaki ne, kuma da tsada. Talaka ba ya samu. Wannan da muke magana kansa, tsawonsa metir 2 da santimetir 5, faɗinsa metir 1 da santimetir 33. Ya fi ƙofar ɗakinka tsawo. In ka tsaya gabansa, mutumin da ke ciki kusan girmanku guda.

Tun da ba ka da shi a gabanka, bari in zama idonka.

Ga wani dattijo mai shekara 54 zaune bisa kujera. Ya ɗora ƙafa guda bisa guda. Rigarsa ruwan toka ce, wandonsa baƙi, ya tsaya ga gwiwa. Ya sa fararen safa da baƙaƙen takalma. Kusa da shi akwai tebur mai ado, an shafe shi da ruwan zinariya. Takardu sun taru bisa teburin, da tulun tawada da alƙalumma. Ya kafa gwiwar hannunsa na hagu bisa teburin, ya jingina kunci bisa hannun. Hannun dama kuwa yana bisa cinya, yana riƙe da wata ƴar takarda. Bisa takardar nan Goya ya rubuta sunan mutumin da nasa sunan. Can baya, cikin duhu-duhu, akwai wani mutum-mutumi na mace mai hular yaƙi da garkuwa. Za mu komo kanta.

Ke nan. Babu doki, babu takobi, babu dogari. Babu lambar girma ga ƙirji. Manyan Turai na wancan ƙarni sun saba ɗora hular farin gashi bisa kai, wadda ake saye wurin masu yin ta. Shi gashin kansa ne na Allah ya bari a fili.

Don ka gane abin mamakin, sai ka san yadda anka saba yi ma manya hoto a Turai. Cikin 1701 wani mai zane ya yi ma sarkin Faransa, Luwi na 14. Sarkin yana tsaye, ya riƙe ƙugu, alkyabba ta cika rabin ɗaki, takobi ga kwiɓi, kambin sarauta kusa da shi. Wanda ya gani ya san abin da ake so ya yi: ya sunkuya. Sarakuna da waziransu sun daɗe suna bin wannan hanya. Goya kansa ya bi ta. Cikin 1783, lokacin yana neman shiga fada, ya yi ma babban wazirin Ispaniya hoto, wani da ake ce ma Floridabilanka. Waziri yana tsaye tsakiya cikin jajayen tufafi, hoton sarki rataye bayansa. Goya ya zana kansa a gefe, ƙarami, cikin inuwa, yana miƙa aikinsa kamar mai kai gaisuwa. Hoton yana da kyau, amma kirari ne. Maroƙi in ya tashi wasa basarake, ba ya faɗin ciwon bayansa.

Shekara 15 bayan wannan, ga wani minista gaban Goya. Wanga karo bai tsai da shi ba. Ya zaunar da shi, ya bar shi da gajiyarsa.

Wane ne mutumin, kuma mi ya gajiyar da shi?

An haifi Hobeyanos cikin 1744 a Hihon, wani gari bakin teku, arewacin Ispaniya. Ya yi karatun shari'a, ya zama alƙali a birnin Sebiya, daga baya a Madrid. Amma ba shari'a kaɗai ta dame shi ba. Yana son sanin domi ƙasarsu ke da faɗi, talakawanta kuwa na cikin yunwa. Cikin 1795 anka buga wani dogon rahoto da ya rubuta bisa noma. Ga abin da ya gano. Gonaki masu yawa suna hannun manyan gidajen sarauta da gidajen ibada na Kirista, kuma doka ta hana a sayar da su ko a raba su. Wanda ke noman ba shi da ƙasa, wanda ke da ƙasar ba ya noma. Ban da haka akwai wata tsohuwar ƙungiya ta masu manyan garkunan tumaki, sunanta Mesta, wadda sarki ya ba gata tun 1273. Kada ka ɗauka makiyaya ne talakawa. Yawancin dukiyar ta manya ce. Saboda gatansu, akwai filayen da manomi ba ya da ikon sa ma garma, kuma ba a barinsa ya shinge gonarsa. Hobeyanos ya ce a bar ma dabbobi burtalinsu, gama dole su bi ciyawa rani da damina, amma a bar manomi ya yi shinge, a kuma kwance igiyar da ta ɗaure ƙasa. Ya ce a gyara hanyoyi, a jawo ruwa gonaki. Ya ce a koya ma manoma karatu da rubutu da lissafi, a buga masu ƙananan littattafai na noma cikin magana mai sauƙi.

Kai da kanka ka san wanda ya faɗi irin wannan magana ba ya rasa maƙiya.

Cikin watan Nuwamba na 1797 sarki Karlos na 4 ya naɗa shi ministan shari'a. Nan ma ya taɓo wani gidan rina. Akwai wata kotu ta malaman coci mai binciken aƙidar mutane, mai hana littattafai, mai ɗaure wanda ta ga dama. Ya nemi a rage mata ƙarfi. Cikin watannin nan ya yi ta fama da ciwon ciki mai tsanani, har wasu masu tarihi na zaton guba anka ba shi. A tsakiyar wannan hali ne Goya ya iske shi a Aranhuwes, garin da fada ke sauka lokacin bazararsu, kamar kilometir 50 kudu da Madrid. Sun san juna tun da daɗewa. Hobeyanos ya taɓa sama masa aiki yana saurayi ga sana'a. Goya kuwa ya kurumce tun wata rashin lafiya da ya yi wajen 1793. Ba ya jin abin da mutum ke faɗi. Sai abin da fuska ta faɗi. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to shi wannan hanyar kaɗai ta rage masa.

Yanzu ga tambayar da ta kamata mai sukar hoto ya yi. Tagumin nan na gaskiya ne, ko kuwa shi ma ado ne?

Ba tambayar banza ba ce. A Turai tagumi yana da tsohuwar ma'ana cikin zane. Cikin 1514 wani Bajamushe mai suna Durer ya zana wata mace mai fukafukai, ta yi tagumi, kayan awo da kayan sassaƙa na warwatse gabanta, ta kasa aiki don tunani ya yi mata yawa. Tun daga nan, masu zane in sun so su ce mutum mai zurfin tunani ne, sai su sa masa hannu ga kunci. Ya zama kamar rawani: da ka gani ka san irin mutumin da ake nufi. Hobeyanos ya karanta littattafai da yawa, ya san zane ƙwarai, har ya yi jawabai bisa kansa. Ba ya rasa sanin wannan alama. Kuma ba a yi ma minista hoto irin wanda bai yarda da shi ba. Saboda haka kada wani ya ce maka Goya ya laɓe ne ya kama shi bai shirya ba. An shirya zaman. Su biyu sunka shirya shi.

Amma ni ina ganin abin ya wuce alama, kuma ga dalilina.

Ka dubi idon. Matar da Durer ya zana tana duban nesa, ba ruwanta da kai. Hobeyanos kai yake dubawa. Kamar ka turo ƙofar biro ɗinsa da wata sabuwar ƙara, ya ɗago ido bai ɗago kai ba. Ba fushi cikin dubin, ba murna. Dubin mutumin kirki ne wanda zai saurare ka, ko da ya san da wuya ya iya yi maka wani abu. Duk wanda ya taɓa kai kuka wurin maigari nagari a shekarar fari, ya san wannan dubin.

Sa'an nan ka dubi jikin. Nauyin kansa duka ya zube bisa hannun, ba ɗan taɓa kunci ya yi don kwalliya ba. Jikin ya karkata wajen tebur. Takardar da ke hannun dama ba karanta ta yake ba, ba miƙa ta yake ba. Riƙe ta kawai yake, kamar manomi da ya zauna gindin gawo da hauya bisa cinya, ga sauran gona gabansa. Wanda ke ƙaryar gajiya yakan manta da ƙafafunsa da yatsunsa. Nan kuwa komi ya gaji tare.

Na uku, ka dubi inda Goya ya kashe lokacinsa. In ka matsa kusa da hoton, adon tebur da tarin takardu ba komi ba ne sai ƴan shafe-shafen fenti da anka yi da sauri. Sai ka ja da baya sa'an nan su haɗu su zama zinariya da takarda. Fuskar kuwa an bi ta a hankali. Haske ya sauka bisa goshi, bisa takardu, bisa fararen safa, sauran ɗakin ya nutse cikin duhu. Launin duka ya kwanta: toka, baƙi, ruwan zinariya da ya dushe. Babu ja irin na wazirin 1783 da zai fizge maka ido. Mai zane yana da yadda yake cewa "nan za ka duba", kuma Goya ya ce a dubi kan mutumin da hannun da ke tallabe da shi.

Masu zanen Ispaniya sun yi ma malamai hoto tun kafin Goya, kuma sun iya. Cikin 1609 El Gireko ya zana wani matashin malamin coci, mai wa'azi da waƙa, sunansa Parabisino. Yana zaune da littafi biyu, ya sa yatsa cikin ƙaramin don kada shafi ya ɓace masa, idonsa na walƙiya. Cikin 1622 Belaskes ya zana mawaƙi Gongora, kai da kafaɗa kawai, ya ɗaure fuska kamar mai bin ka bashi. Dukansu biyu yau suna birnin Boston a Amurka. Na farko ya nuna ilimi yana ci kamar wuta. Na biyu ya nuna ilimi da girman kai. Goya ya zo da abin da ba su nuna ba: malami da anka ɗora ma mulki, ya san abin da ya kamata a yi, ya kuma fara gane ba za a bar shi ya yi ba. A nan hoton ya samu gurbinsa cikin tarihin zane. Ya ɗauki girman ƙyallen da ake ba sarakuna, da teburin zinariya na fada, ya sa cikinsu abin da a da ake ɓoyewa daga idon jama'a, watau shakkar mai iko. Masu zanen ƙarnin da ya biyo baya sun ƙara nisa bisa wannan hanya. Sun daina tambayar "wane muƙami gare shi?", sun koma tambayar "ƙaƙa yake a ransa?" Wani Bafaranshe mai suna Mane, wanda ya buɗe ƙofar sabon zane a ƙasarsu, ya yi tattaki har Madrid cikin 1865 don ya ga aikin Belaskes da na Goya da idonsa.

Ban ce hoton ba shi da aibi ba. Mu koma ga matar nan mai garkuwa da ke tsaye baya. Sunanta Minerba. Romawa na dā, tun suna bautar gumaka, sun ɗauke ta uwar hikima, masu zane kuma sunka riƙe ta alama ta ilimi. Bisa garkuwarta an sa tambarin makarantar da Hobeyanos ya kafa a garinsu cikin 1794, inda ake koya ma samari tuƙin jirgin ruwa da sanin ma'adinai. Makarantar nan ita ce abin da ya fi so cikin duk aikinsa, don haka na gane abin da ya sa ya so ta shiga. Amma a ganina ita ce wuri mai rauni. Fuskar mutumin, kowa na iya karanta ta, ko Bature ko Bahaushe, ko ya yi lakkol ko bai yi ba. Minerba kuwa sai an yi maka bayani, kamar yadda na yi yanzu. Ragowar tsohuwar hanya ce, ta kirari. In ka sa tafin hannu ka rufe ta, hoton ba ya rasa komi.

Akwai kuma abin da babu. Mutumin ya rubuta dogon rahoto bisa manoma, amma ba ko zangarniya guda cikin hoton. Ba taga da za ka hangi gona. Talakan da ake tagumi dominsa yana waje, an rufe ƙofa. Ba laifin Goya ba ne shi kaɗai, haka gyaran zamanin yake: manya na tunanin talaka daga bisa teburin zinariya. Sai dai mai kallo ya lura.

Wani gargaɗi kuma. Cikin watan Agusta na 1798, ƴan watanni bayan an gama hoton, sarki ya tuɓe Hobeyanos. Wata 9 kacal ya yi bisa kujerar. Cikin 1801 anka kama shi cikin gidansa, anka kai shi tsibirin Mayorka, anka tsare shi shekara 7 ba tare da an yi masa shari'a ba, shi da ya yi rayuwarsa yana alƙalanci. Da yake mun san wannan, da mun dubi hoton sai mu ce: "Ga shi nan, ya hango kurkuku." Mutane da yawa sun faɗi haka. Ni ban yarda ba. Goya ba boka ba ne. Abin da ke gabansa ya zana: dattijo marar lafiya, da takardu da sunka fi ƙarfinsa. Da a ce mutumin ya ci nasara ya mutu cikin daraja, fuskar nan ba ta canzawa, mu ne za mu karanta ta dabam. In muna son mu yi ma mai zane adalci, mu yaba masa ganin abin da ke akwai, ya isa.

Shekara guda bayan hoton, cikin 1799, Goya ya fitar da wasu ƙananan zane guda 80 da ake bugawa bisa takarda, yana zambo ga wautar mutanen zamaninsa. Na 43 cikinsu ya fi sauran suna. Nan ma mutum ne zaune kusa da tebur, ya ɗora ƙafa bisa ƙafa. Amma wannan kansa ya riga ya faɗi bisa hannuwansa, barci ya ɗauke shi, mujiya da jemagu sun taso bayansa sun cika sama. Masana sun daɗe suna ajiye zanen nan kusa da hoton Hobeyanos, don zaman ya yi kama. Bambancin ɗan kaɗan ne, tsawon hannu guda. A hoton 1798 hannun yana tsaye, kan bai faɗi ba, ido biyu a buɗe.

An sako Hobeyanos cikin 1808, shekarar da sojan Napoleyon na Faransa sunka mamaye Ispaniya. Sabon sarkin da Faransawa sunka naɗa ya yi masa tayin minista, ya ƙi, ya bi ɓangaren masu yaƙin ƙwatar ƙasa. Cikin 1811 ya koma Hihon, ya iske yaƙi ya lalata makarantarsa. Bai daɗe ba sojan Faransa sunka sake matsowa. Ya gudu cikin jirgin ruwa, hadari ya jefa su wani ƙaramin gari bakin teku, can ya rasu cikin watan Nuwamba, yana da shekara 67. Cikin 1825 hukumar coci a Roma ta sa rahotonsa na noma cikin jerin littattafan da ta hana karantawa. Cikin 1836 gwamnatin Ispaniya ta rushe ƙungiyar Mesta. Goya ya rasu a Bordo, cikin Faransa, a 1828. Hoton kuwa ya daɗe hannun masu zaman kansu, sai cikin 1974 ya shiga gidan Prado, inda kowa ke iya zuwa ya tsaya gabansa.